Neman Tantin Da Ba Za A Ɗaure Ni A Kansa Ba

Yaya Ilu, ɗan wan mahaifina, shi ya ba ni aron tanti mai launin kakin soja. Shi ne kuma da aka ɗaure ni a gindin tsamiya aka kira shi a waya, ya ce bai taɓa ba kowa tanti ba. Na fara da wannan ne don kada wani ya ɗauka yawon buɗe ido ya kai ni Kano.

Sunana Sabi'u, a Daura nake, sana'ata gyaran famfon burtsatse. Karatuna bai yi nisa ba, don haka yadda magana ta zo mini haka zan rubuta ta. Da can in dare ya riske ni a ƙauye, zauren mai gari nake kwana. Yanzu mutane na tsoron baƙo, ni ma ban ga laifinsu ba. Shi ya sa na nemi tanti, Yaya Ilu ya ce yana da wani a jibge.

Ranar farko da na kafa shi, a wani ƙauye ne bayan Dutsi, ba zan faɗi sunansa ba. Na kwance famfonsu, aiki bai ƙare ba, mai garin da ya kira ni kuma ya tafi ta'aziyya. Don kada in takura wa kowa sai na koma bayan gari cikin sabara na kafa, na jera bututun ƙarfe kusa da babur ɗina. Mata masu itace suka hango tantin soja a ɓoye da dogayen ƙarafa, suka ruga gari da kururuwa. Kafin magariba 'yan sintiri sun zagaye ni. Na ce a kira mai tantin. Aka saka wayar yadda kowa zai ji, na ji muryarsa tar: "Ni ban ba kowa tanti ba, ku yi abin da ya dace." Ya kashe. Sai da mai gari ya dawo aka kwance ni, an riga an banka wa tantin wuta.

Labari ya riga ni isowa Daura, wai an kama Sabi'u da kayan 'yan bindiga. Tun daga nan wayata ta yi shiru, ko ƙauye ɗaya bai ƙara kira ba. Famfon da na kwance yana nan a buɗe. Na ce in ban koma garin nan na kwana a gaban idon kowa na ƙarasa aikina ba, sana'ata ta mutu.

Daura

Jajibirin tafiya na biya shagon Oga Chibuzo, Inyamurin da nake sayen kayan famfo a wajensa shekara da shekaru. Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari. Ya ce, "Je ka Kofar Wambai wajen 'yan gwanjo. Kada ka biya sai an kafa maka shi a gabanka. Kuma don Allah kada ka yi faɗa da kowa." Na ce na ji biyun farko.

Da asuba matata ta miƙo mini ƙunshin ƙuli-ƙuli, ta ce, "Malam, ka haƙura da kwanan daji mana, ko gadi ne ka nema." Na ce gadin wa, mutumin da aka ce ɗan bindiga ne? Na yi salla na fita tasha, na samu ƙaramar mota saura mutum biyu. Gari bai gama wayewa ba muka ɗau hanya.

Kazaure zuwa Dambatta

Mu huɗu a baya, wani mai kiba ya danne mini cinya tun daga Sandamu. Direban ya san ni. Ya leƙo ta madubi ya ce, "A'a, Sabi'u Janar! Yau ba kaki?" Motar ta ɗau dariya. Na ce, "Kai dai riƙe sitiyarinka, tayarka ta baya ta fi ni kusa da lahira."

Kafin Kazaure akwai shingen bincike, aka duba but ɗin motar aka sallame mu. A Dambatta muka tsaya shan mai, na sha shayi da burodi a tsaye. Hantsi ya ɗaga muka sauka Kofar Ruwa, na hau adaidaita sahu zuwa Kofar Wambai.

Kano

Mai shagon farko ko gama bayani ban yi ba ya jawo wani kore shar, mai dabbare-dabbare. "Alhaji, wannan na sojan Turai ne. In ka kafa shi a daji ko tsuntsu ba zai gan ka ba."

Na ce, "To ni wanda makaho ma zai gani nake so."

Ya dube ni kamar na taɓu. Ban tsaya yi masa bayani ba. Duk mai zuwa ƙauyukanmu da tanti a wannan zamani, ya ji daga bakin wanda igiya ta ci wa hannu: launi za ka fara dubawa. Kore, ruwan ƙasa, baƙi, duk ka bar musu abinsu. Wanda ya ɓuya shi ake zargi.

Shago na biyu aka nuna mini wani shuɗi ɗan mitsitsi, mai kama da akurki. Ba nauyi, ya yi daidai da babur, har na fara sha'awa. Na ce a kafa. Mai shagon ya ce ba a kafawa sai an biya. Na juya zan tafi, sai ga shi yana kafawa a tsakiyar layi. Na cire takalmi na rarrafa ciki. A zaune ma kaina na gogar sama.

Na leƙo na ce, "In ruwa ya tsare ni lokacin salla, yaya zan yi? In yi a kwance kamar majinyaci?"

Ya ce, "Ai Turawa suka yi shi."

Na ce, "Ai na gani."

Na yi azahar a masallacin kasuwa, na ci gurasa da ƙuli, na ci gaba da bin layi. Na ga wani babba mai kyau amma ƙasansa a buɗe, kunamar jigawar Daura kuwa ba ta neman izini. Na ga wani mai sandunan ƙarfe, na ɗaga na ji babur ɗina ba zai ɗauke shi da kayan aiki ba. Na ga wani da zif ɗinsa ya cije tun a hannun mai sayarwa, yana rantsuwa wai sabunta ce.

Wajen la'asar na faɗa shagon wani dattijo, Baba Ɗanlami, a can ƙuryar layi. Na gaya masa abin da nake so a jere: mai ihun launi, wanda zan miƙe tsaye a ciki, ƙasansa a ɗinke, da raga ta sauro, kuma ya ɗauru a bayan babur. Ya tona ƙasan kaya ya zaro wani ruwan goro, launin har yana kashe ido.

"Wannan ya daɗe a nan. Kowa ya gani sai ya ce na 'yan biki ne."

Muka kafa shi tare. A tsakiya na miƙe, hulata ta ɗan taɓa sama, na cire ta na ji daidai. Na yi ruku'u na ga akwai fili. Na ja zif sama da ƙasa har na gaji. Sannan na ari butarsa na ce ya shiga ciki, na tsiyaya ruwa a kan ɗinki. Ta kusurwa ɗaya ya ɗiga masa a wuya.

Ya fito yana goge wuya ya ce, "Kai wane irin mai saye ne, ka sa ni ciki ka yi mini wanka?"

Na ce, "Gara kai yau da ni gobe."

Ya yi dariya, ya kai ni wajen masu ɗinkin tamfol aka bi kusurwar da gam da faci. Muka yi ciniki mai zafi, kuɗin ya tasar wa na buhun gero, na biya zuciyata na suya. Turakunsa kuwa da na gani, 'yan wayoyi ne kamar tsinken tsire. Na san yashinmu ba zai riƙe su ba, amma na san maganinsu.

Na kwana a Kurna wajen wani tsohon abokina ɗan Daura mai wankin mota. Tuwon masara da miyar kuka muka ci. Shi ma ya ji labarin, amma bai tambaye ni ba, na gode masa a raina.

Komawa Daura

Da safe na kama mota. A shingen kusa da Kazaure jami'i ya nuna ƙunshina ya ce mene ne. Na ce tanti. Ya ce buɗe. Da launin ya bayyana sai ya kwashe da dariya, "Baba, ɗaurin aure za ka?" Ya ce mu wuce. Ban taɓa jin daɗin a yi mini dariya ba sai ranar.

Ban shiga gida ba, maƙera na zarce. Na sa aka yanka mini rodi tsawon kamu ɗaya ɗaya, aka lanƙwasa kai, aka feƙe gindi. Maƙerin ya ce, "Shanu za ka ɗaure?" Na ce iska zan ɗaure.

Dutsi da ƙauyen

Washegari na ɗaure tanti da kayan aiki a babur na kama hanyar Dutsi. Na sha fura a bakin kasuwa, na sauka daga kwalta na bi burji. Kafin azahar ina ƙofar gidan mai gari. Ya fito, kunya ta hana shi haɗa ido da ni. Na ce, "Ranka ya daɗe, aikina na zo ƙarasawa. Kuma a nan zan kwana, a bakin famfo, tsakiyar gari."

Nan na kafa shi, na buga turaku har ƙasa ta haɗiye su. Yara suka cika wajen, mata na leƙe ta katanga. Can sai ga shugaban 'yan sintiri, wani dogo da suke kira Maikulki, shi ne ya ɗaure ni da hannunsa. Ya zagaya tantin, ya ce, "Doka dai tana nan. Baƙon da zai kwana sai an kira wanda ya san shi."

Dangina na da yawa a Daura, amma na riga na ji muryar dangi a waya. Na ba shi lambar Oga Chibuzo. Ya saka yadda kowa zai ji.

"Sabi'u mai famfo? Na san shi, na san gidansa, na san 'ya'yansa. Bakinsa ne ba daɗi, amma hannunsa ba ya ɗaukar na kowa. In akwai matsala ku gaya mini, yanzu in rufe shago in zo."

Wani tsoho ya ce, "Batun bakin nan gaskiya ne." Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Na duƙufa kan aiki. Dab da la'asar hadari ya taso daga gabas, iska ta fara kwashe dannin mutane, kowa ya watse. Na shige tanti na ja zif. Ya yi ta kaɗawa yana kumbura, turaku ko motsi. Ruwa ya tsuge. Sai na ji ana bugun gefen tantin, murya na cewa, "Malam Sabi'u, don Allah." Maikulki ne, ruwa ya tare shi, gidansa na can ƙarshen gari.

Ba zan yi ƙarya ba, na bar shi ya ɗan jiƙa tukuna. Sannan na buɗe.

Ya shigo yana ɗiga, ya tsuguna a gefe. Da lokaci ya yi na miƙe na tada salla, ya bi ni a duƙe don ya fi tantin tsawo. Da muka sallame ya dubi wuyan hannuna inda shatin igiya bai gama ɓacewa ba, ya ce, "Ka yafe mini. Wata biyu kafin zuwanka aka ɗauke ƙanena a gona, har yau shiru." Na ce Allah Ya bayyana shi. Na ce na yafe, don shi tsoron abin da bai sani ba ne ya sa shi.

Na kwana lafiya, ko ɗigo bai sauko mini ba. Da hantsi na mayar da bututu, na sa sabuwar roba, na buga, ruwa ya ɓalle. Matan da suka yi mini kururuwa su suka fara jera bokiti, ɗaya ta aiko mini da koko da ƙosai. A gabana mai gari ya kira takwaransa na ƙauyen gaba ya ce, "Famfonku da ya mutu, ga mai gyara. In kun hango wani abu ruwan goro a bakin rijiya, shi ne."

Gida

Na iso Daura da yamma, na gode wa Allah da Ya kai ni Ya dawo da ni. Baba Ɗanlami da Oga Chibuzo, Allah Ya saka musu. Ina sauke kaya matata ta ce Yaya Ilu ya aiko har sau biyu, wai in mayar masa da tantinsa.

Ko ruwa ban sha ba na nufi ƙofar gidansa. Yana kan tabarma da mutanen majalisarsa. Na yi sallama, na gaishe shi yadda ake gaida babba. Ya ce, "Sabi'u, ina kayana?"

Na ce, "Wane kaya, Yaya? Mutum sama da ashirin sun ji ka ce ba ka ba kowa tanti ba."

Ya gyara zama ya ce, "Kai ma ka san halin da ake ciki. Da na amsa, da ni ma an zo kaina a tambaye ni inda na samo shi. Ina da iyali."

Na ce, "Ni kuma a bishiya na tsiro? Yaya, wanda ya ɗaure ni bai san ni ba, ya kuma roƙe ni gafara. Kai tare aka yi mana kaciya, akushi ɗaya muka ci a gidan Baffa. Zan ci gaba da gaishe ka saboda shi. In ka yi ciwo zan zo dubiya, in ka riga ni zan ɗau makararka. Amma ka sani, duk garin da aka ce in kawo wanda ya san ni, sunan mai shagon kayan famfo zan bayar. Naka ko a bakin kabari aka tambaye ni ba zan ambata ba."