Ɗan Azumi Mai Jakai da Takardar Gidansa

Haihuwa da Ƙuruciya

An haifi Mamman, wanda aka fi sani da Ɗan Azumi Mai Jakai, a garin Safo cikin watan azumi na shekarar 1903. Mahaifinsa Hamisu manomi ne, mahaifiyarsa Hajara kuwa sana'arta daddawa. Gidan da aka haife shi na aro ne, kuma yana ɗan shekara tara masu gidan suka karɓe abinsu ana tsakiyar damina, ya ga an ɗauki jinkar ɗakin uwarsa ana yawo da ita cikin ruwa, ana neman inda za a aza ta. Wannan abu bai taɓa fita ransa ba. Karatun allonsa bai wuce izu biyu ba, lakwal kuwa, wato makarantar boko, ko ƙofarta bai taka ba.

Sana'a da Aure

A shekarar 1924 ya fara jigilar gyaɗa da jaki ɗaya tsakanin ƙauyuka da Maraɗi, har Allah Ya hore masa tara. A 1929 ya auri Dije, 'yar Madarunfa, ya koma garin da zama a wani sashe na gidan surukansa. Shekara takwas ya yi yana jin habaicin abokan wasa, waɗanda ke cewa shi aka kai ɗaki ba amarya ba.

Sayen Gida

A ranin 1937 ya sayi gida a unguwar bakin tafki a hannun Kanta, wani dattijo cikin Azna masu bin addinin gargajiya, wanda ya ƙudurta komawa gonakinsa a ƙauyen Sarkin Yamma. An yi ciniki a kan dala ɗari da arba'in. Ya biya la'adar dillali, ya raba goro ga shaidu huɗu, ya kai gaisuwa ga mai gari, aka shafa fatiha. A al'adar gari magana ta ƙare ke nan. Sai dai Ɗan Azumi ya san gidan gado ba ya cika fita hannun dangi, wata rana wani ɗa zai iya tasowa ya ce aro ne. Da aka ce masa shaidu sun wadatar, sai ya ce, "Shaida mutum ne, shina mutuwa. Takarda ba ta mutuwa."

Shekarun Biro

Daga wannan shekara ya kama hanyar biro, wato ofishin hukuma, a Maraɗi neman takardar mallaka ta Nasara. Da farko aka ce sai ya nuna ya biya lanho, wato harajin kai, nasa da na iyalinsa da na jakansa. Ya nuna. Aka ce ya sayi tambur, wato kan sarki, da za a liƙa wa takardar roƙo, dala huɗu. Mai awon ƙasa ya ci dala talatin, ban da dokin da aka aro masa da ragon da aka yanka masa, duwatsun iyaka ma kuɗinsu daban. Tafinta yana da nasa, gardin bakin ƙofa yana da nasa, kuma waɗannan ba a rubuta su ko'ina. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke aka canja kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar, sau biyu, kowanne kuwa ya ce a sake roƙo da sabon tambur. Kafin takarda ta fito a watan Mayu na 1944, kuɗin neman ta sun zarce kuɗin gidan, jakai tara sun koma uku.

Abin da ya yi da ita ya yi ne saboda tsananin so. Ya ji tsoron gara, ya ji tsoron gobara, ya ji tsoron ɓarawo, don haka ya yi mata abin da mutanenmu ke yi wa duk rubutu mai daraja. Ya kai ta wurin baduku, aka ninke ta ninki goma sha biyu, aka naɗe da zare, aka ɗinke cikin jar fata kamar laya. Ya rataya ta a hammata, shekara goma sha ɗaya bai cire ta ba, ko a bayan jakai cikin zafin bazara, ko yana ƙetare gulbi ruwa iya wuya.

Shari'a

A 1955, bayan rasuwar Kanta, ɗansa Gwamna ya taso da da'awar cewa gidan aro ne, daidai yadda Ɗan Azumi ya yi hasashe. Shaidu uku sun riga mu gidan gaskiya, na huɗun ya ruɗe da tsufa. A gaban kumandan, Ɗan Azumi ya nemi a ba shi aska, ya farke layar yana murmushi irin na wanda ya daɗe yana jiran wannan rana. Abin da ya faɗo dunƙule ne baƙi kamar ƙullin daddawa, tawada ta narke, tambur ya zama ƙasa. Aka ce a duba babban littafin biro, sai aka ce ya salwanta tun shekarar da ambaliya ta ci tsohon garin Maraɗi. Kumandan bai ba Gwamna gida ba, bai kuma tabbatar wa Ɗan Azumi ba. Ya yi umarni a sake neman takarda daga farko.

Dije ta ruwaito cewa da ya dawo bai zagi kowa ba. Ya zauna a bakin zaure ya ce, "Ba wuta ba, ba ɓarawo ba. Gumina ya samo ta, gumina ya cinye ta."

Ƙarshen Rayuwa

A lokacin kuɗin tambur da na awo sun ninka sau da yawa. Ya sayar da sauran jakan ɗaya bayan ɗaya, ya koma zuwa Maraɗi a ƙafa, yana tari, yana hutawa a kowace inuwa. Ya gaji, kuma bai ɓoye wa kowa ya gaji ba, amma bai fasa ba.

Rasuwa

Allah Ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba cikin watan Afrilu na 1958 a Safo, kan hanyarsa ta dawowa daga biyan kuɗin ƙarshe, a wani ɗakin da aka ara masa ya kwanta. An kawo gawarsa Madarunfa, aka yi mata wanka a gidan nan na bakin tafki, aka binne shi bayan la'asar. Mako uku bayan haka takarda ta fito da sunansa, aka sanar da magada cewa tunda mai sunan ya rasu, sai an biya kuɗin mayar da ita sunansu kafin ta yi aiki.

Ya rasu ya bar matarsa Dije da 'ya'ya huɗu: Balaraba, tana aure a Ɗan Issa, Jummai, tana aure a Safo, Shu'aibu, yana su a tafki, sai babbansu Lawali, wanda ya gaji igiyoyin jakai tara ba jaki ko ɗaya. Shi ne yanzu ke tafiya biro duk Litinin, ɗauke da takardar a shimfiɗe tsakanin faifai biyu, ba ya yarda ko hannunsa ya taɓa ta. Allah Ya jiƙan Ɗan Azumi, Ya ba shi gidan da ba a tambayar takarda.