Ta Wance

A Saga, wata unguwa a gefen Yamai, na yi wayo, a gidan kakata ta wajen uwa, can inda gidaje suke ƙarewa gonakin shinkafa su fara. Mutuniyar Adar ce, aure ya kawo ta Yamai. Ta tsufa cikin Zabarmawa, amma Zabarmancinta bai taɓa wuce na gaisuwa da na faɗa ba, kuma na faɗan ya fi zama a bakinta. Sana'arta turara shinkafa. Da la'asar take ɗora rabin tano, wato gangar ƙarfe, a kan murhu, ta hura wuta da ɓuntu da kara, wutar kuwa ba ta mutuwa sai bayan magariba. A bakin garwashin nan muke taruwa mu jikoki, hayaƙi yana korar sauro yana kuma sa mu hawaye, tururin shinkafa yana bin tufafinmu. Har yau in na ji wannan ƙamshi a hanya sai ƙafata ta rage sauri.

Kaka tana da wata al'ada da ban gani wurin kowa ba. Duk jikan da aka kawo mata yaye, a daren farko da yake kukan nono sai ta ƙaga masa tatsuniya, ta yi ta maimaita masa har ya haƙura. Daga ranar tatsuniyar ta zama tasa. Saboda haka tatsuniyoyin gidanmu ba su da suna irin na mutane, sunan mai su suke ɗauka. Akwai ta Habu, yayanmu, akwai ta Zali, wato ni, akwai ta Sa'a da ta sauran. Tawa labarin wata akuya ce da ta je kasuwa sayen takalmi, aka ce mata ƙafa biyu ake sayar wa. Ba wata tatsuniyar kirki ba ce, na sani, amma na sha yin dambe a kanta.

In za ta fara, sai ta ture itace da ƙafa ta ce, "Ga baƙuwa nan tafe, ku ba ta wuri."

Mu ce, "Ta zauna, Kaka."

In ta gama ta ce, "Baƙuwa ta tashi, ta kaɗe zanenta." Ba ta taɓa sake waɗannan kalmomi ba.

Akwai guda ɗaya da ba mu san mai ita ba, kuma babu wanda ya taɓa neman a ba shi, don babu abin dariya a cikinta ko kaɗan. Wai wata mata ce a bakin kogi, aka ɗauki ɗiyarta tana ƙarama aka kai ta riƙo ƙetaren ruwa. Kogin kuwa yana da mai shi a ƙasa, duk sunan da aka kira ya bi ta kan ruwa sai ya haɗiye shi, mai sunan ya bi bayansa. Matar tana hango ɗiyarta tana wanke-wanke a ɗaya gaɓar, ba dama ta kira ta. Sai ta jawo turmi bakin ruwa, kullum da yamma ta yi ta daka har rana ta faɗi, don yarinyar ta ji ta san tana nan. Yarinya kuwa in ta ji sai ta ce, "Uwata tana can tana daka wa wasu ɗiya, ni ko sunana ba ta riƙe ba." Da haka ta girma. Ranar da ta isa shiga kwalekwale ita kaɗai, ta ƙetare da niyyar faɗa wa uwar abin da ke ranta, sai ta tarar an dawo daga rufe ta. Maƙwabta suka nuna mata turmin. Gindinsa ya huje saboda daka, kuma babu ko ƙurar dusa a cikinsa, don ba a taɓa zuba masa ƙwayar hatsi ba.

Nan Kaka take tsayawa. Habu, da bakinsa ba ya rufuwa, ya taɓa cewa, "To mi ya hana ta aika mai kwalekwale ya gaya mata?"

Kaka ta dube shi ta ce, "Kai dai da kana bakin kogin, da mai shi ya huta da haɗiyar suna, surutunka ya ishe shi." Muka yi dariya, ita ba ta yi ba.

Mahaifiyarmu, Inna, a Lamorde take aure, takan ƙetaro gada lokaci-lokaci ta duba mu. Ita ce 'yar farin Kaka, kuma a Adar aka yi riƙonta wurin wata gwaggo. Kowa ya san kunyar ɗan fari a wurin mutanenmu: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta nuna ta damu. Kaka ta riƙe wannan da ƙarfi fiye da kowa. In Inna ta shigo, gaisuwarsu ba ta wuce "Kin iso?" da "Na iso." Daga nan Inna ta ɗauki faifai ta koma can bakin zaure, ta juya wa wuta baya tana tsintar shinkafa, awarwaron hannunta suna ƙara. Ita ma haka take yi wa Habu, nata ɗan farin. Ban taɓa jin sunansa a bakinta ba, kuma a lokacin ban ga wani abu a ciki ba.

Na girma na zama tela, ina da ɗan shago kusa da kasuwar Katako. Mai ɗinki kunnensa a sake yake, don haka na zama mai tara abin saurare: waƙoƙi, karatu, da littattafan da ake karantawa a ɗauka. Wasu a turo mini, wasu in kai karte, wato katin memori na waya, wurin masu tura waƙa su zuba mini. Maigidana ya taɓa sa mini wata manhaja wai za ta jera mini su da kanta. Ta jera ɗin, ta haɗa waƙar biki da karatun Alƙur'ani a layi guda, rabin kayana kuma ta ce ba ta san mai su ba. A ranar na sa ya cire ta. Tun daga nan da hannuna nake yi, yadda nake jera yadi a kanta. Dosiye, wato folda, na waƙa daban, na karatu daban, na littafi daban, kowane fishiye, wato fayil, in saurare shi in rubuta masa suna. Mutane suna cewa na cika wahalar da kaina. Su dai ne suke zuwa aron kartena in nasu ya rikice.

A shekarun Kaka na ƙarshe ta bar turara shinkafa, sai ɗan gawayi a kasko don ɗumi. Nakan kai mata yarana, in ajiye salula kusa da ƙafarta in ɗauki muryarta. Aikin sa suna a nan ya fi wuya, domin duk da kalma ɗaya suke farawa, "Ga baƙuwa nan tafe," sai ka saurara ka yi nisa kafin ka san wacce ce. Na bi tsarinta na rubuta ta Habu, ta Zali, ta Sa'a. Da ta yi ta turmi na tambaye ta, "Kaka, wannan ta wa zan rubuta?"

Ta ce, "Ta wance ce."

"Wace wance?"

"Ke rubuta haka nan, ki bar ni da tambaya."

A lokacin tsufa ya fara cin sunaye a kanta, kowa ya zama wane ko wance, har ni wani sa'i. Na ɗauka ta manta mai ita ne. Na rubuta "ta Wance", duk lokacin da ta sake yin ta in ƙara lamba a gaba. Bayan rasuwarta na rufe dosiyen, na daɗe ban iya buɗe shi ba.

Bara ciwo ya kwantar da Inna. Aka yi ta zuwa likita har suka ce mu koma gida mu yi ta addu'a, na ɗauko ta zuwa ɗakina. Wata rana da hantsi ina shafa mata mai a ƙafa ta ce, "An ce kina da muryar tsohuwa a wayarki."

Na ce ina da ita, wacce zan sa mata?

Ta ce, "Sa ta kowa. Ni ai ba ni da tawa." Ta yi ɗan murmushi. "Na san kunya ce, Zali, ni ma ina yi. Amma mai kunya ma yakan yi kuskure sau ɗaya. Ita ba ta taɓa kuskure da ni ba."

Mace mai jikoki, tana gab da barin duniya, kuma abin da za ta tafi da shi ke nan game da uwarta. Na sa mata ta akuya, ta saurara don kada in ji ba daɗi, ta yi barci kafin akuyar ta isa kasuwa.

A makon nan ne tsohon kartena ya fara gardama, yau ya buɗe gobe ya ƙi. Tsoro ya kama ni, na sayi sabo na kwashe komai. Ni kuwa ba na yarda da kwafi sai na ji shi da kunnena daga farko har ƙarshe, don na sha ganin fishiye da suna lafiya lau amma ciki ya yanke. Haka na zauna a shago ina ɗinki ina bin muryar Kaka ɗaya bayan ɗaya. Abin da na fara lura da shi, ta Wance ta fi kowace yawa, ta ninka tawa da ta Habu a haɗe. Na biyu sai da na tsayar da keken ɗinki na ƙara murya. A bayan maganar Kaka, can nesa, akwai wata 'yar ƙara, cas, cas, da sautin shinkafa tana zuba a faifai. Na buɗe ta gaba, ƙarar tana nan. Na buɗe ta gaba. Na koma ta Habu da ta Sa'a da tawa, babu. Awarwaron Inna ne. Kaka ba ta taɓa yin tatsuniyar turmi ba sai ranar da Inna take gidan, tana bakin zaure da bayanta a juye. Na tuna daren yarinta ɗaya bayan ɗaya, haka abin yake tun can. Kuma ashe ba mantuwa ta yi ba ranar da na tambaye ta, sunan da ba za ta iya faɗa ba ne.

Na rufe shago rana tsaka na koma gida. Ban yi wa Inna bayani ba, na nuna mata sunan a fuskar waya, na karanta mata, na ce, "Haka ta ce in rubuta." Sannan na ajiye wayar a kan matashinta.

"Ga baƙuwa nan tafe, ku ba ta wuri," in ji Kaka. Inna ta motsa baki, ta amsa tare da yarana da suke cikin wayar. Ta san tatsuniyar, ta sha jin ta daga nesa, amma ba ta taɓa zama ta fuskance ta ba. Da aka zo wurin da uwa take jawo turmi, ƙarar nan ta fito sarai. Inna ta ɗaga hannunta da ya rame ta dubi awarwaron, ta girgiza su kaɗan, ta ji sun yi daidai da na cikin wayar. Na ce mata duk haka suke, babu guda da ba ta ciki. Hawaye suna gangarawa cikin kunnenta, ta bar su, ni ma ban share mata ba. Da baƙuwa ta tashi ta kaɗe zanenta, ta ce in sake sawa.

Da la'asar na tambaye ta ko in gyara sunan, in sa nata.

Ta ce, "A'a. Bar shi yadda ta faɗa." Ta daɗe tana kallon rufi. Habu yana can hanyar teku yana tuƙa babbar mota, mun yi ta kira yana cewa yana tafe. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ki tura wa wane ita."

Na tura masa a ranar. Bai iso ba sai bayan an rufe ta.

Muna yara mun ɗauka darasin tatsuniyar shi ne kada ɗa ya yi saurin zargin uwarsa, haka ma na riƙa gaya wa nawa yaran. Yanzu ban tabbata ba. Wani lokaci haushin matar nan mai turmi nake ji, kamar yadda Habu ya ji, in ce da ta aika mai kwalekwale. Wani lokaci kuma in tuna Kaka tana ture itace da ƙafa, tana ɗaga murya fiye da yadda da'irar yara take bukata, don ta kai bakin zaure. Iyakar abin da aka bar mata ke nan, kuma ta yi shi har ƙarfinta ya ƙare. Inna ta samu ta ji da sauran kwanaki kaɗan a hannunta. Ina gode wa Allah da wannan, ina kuma baƙin cikin shekarun da ta yi tana tsintar shinkafa da bayanta a juye.

Ni ina kiran 'yar farina da sunanta, har maƙwabta suna cewa ba ni da ta ido. Dosiyen Kaka yana nan a karte biyu da kuma wayar maigidana, ban taɓa ko harafi a cikinsa ba. Kwanan baya Habu ya zo shago, ya zauna a kan benci yana juya wayarsa, ya ce ta cika, yaron da ya kai wa gyara ya ce a goge tsofaffin kaya. Ya miƙo mini ya ce in goge duk abin da na ga dama. Na duba, na ga ya sake wa fishiyen suna da kansa, harafi ɗaya ya cire. Ya koma "ta Wane".

Ya ce, "Ban da wannan."