Gajere da Duwatsun Niƙan Kaikai

Da an sallame asuba Gajere zai rataya guduma ya nufi fako, shimfiɗaɗɗen dutsen da ke bayan gari. Nan yake yini, yana fitar da dutsen niƙa. Ba ya sayar wa mace dutse sai ya ga tsawon hannunta. Wadda ta yi gaggawa kuwa ya ce, "Adda, bayanki ne zai biya, ba ni ba."

Ma'aikatan Nasara birkila suke ce mishi. Wannan sunan baƙo ne, tare da bulo ya zo. Mu masassaƙi muka sani, daga sassaƙa, ko ice ko dutse. Ni ban yi karatu mai nisa ba, amma wannan na sani.

Shekarar da aka zo gyaran hanyar mota ta Kankiya, aka ɗora wa garinmu Kaikai kawo tsakuwar kwalbati. Maza suna gona, damina ta kankama. Helma, wato shugaban lebura, ya ce tun da babu tsakuwa, a bi gida gida a kwaso duwatsun niƙa a farfasa. Ina wurin. Tani, tsohuwar da ta gaji nata daga uwarta, ta zauna a kanshi ta ce, "Sai dai ku fasa da ni."

Gajere ya ce wa helma, "Ranka ya daɗe, tsakuwa kake so ko kukan mata?"

"Tsakuwa."

"To ba ni fako, ka bar musu tuwonsu."

Ya tara kara da ice a kan fako, ya cinna wuta, dutse ya yi zafi, mata suka yi ta kwara ruwa har ya dare. Ya bi da guduma. Ciyawa ta cinye gonarshi a shekarar, kuma ɓarɓashi ya tafi da idonshi na hagu. Tsakuwa ta cika. Ko dutse ɗaya bai bar ɗakin girki ba.

Gajere, kai ne ƙarfen da ya fi dutse taurin kai. Yanzu hannu ya fara rawa, ka ce ka ajiye guduma. Mun gode, Allah ya saka.

Ku kuma masu ƙarfi, godiyar baki ba ta fasa dutse. Dabo na Dudunni, magidanci da 'ya'yanshi, ya riga ya je ya durƙusa yana koyo. Jiya na ji Gajere yana mishi faɗa a fako. Akwai sauran wuri a gefenshi.