Mode da Ruwan Gumin Hajjo

Rana ba ta riga Malam Mode hawa rufin kwano. Kafin masu ƙosai na Gawon Nama su sauke kaskon farko, yana can sama da tsumma a kafaɗa, yana goge gilashi, yana taɓa bututu da bayan hannu kamar mai duba zazzaɓin jariri. Sana'arsa haɗa sola. Bana gwiwa ta ce ya sauko, ya kuwa sauko. Ba a yi masa taro ba. A garin nan mai yanke ƙyallen buɗe gini ake tara wa jama'a.

Hajiya Hajjo ta Ƙofar Rini ita ce uwar mata masu gumi, masu jiƙa shinkafa a ruwan zafi, su turara ta, su shanya kafin a kai inji. Hayaƙin itace ya ci idonta har likita ya ce ta zaɓa, ko murhu ko gani. Na san hayaƙin nan, da ƙirjin matata ya fara, Allah ya jiƙanta. Hajjo kuwa ba ta iya barin gumi, don gidaje da yawa daga tukunyarta suke ci. Sai ta kira Mode, ta ce ya cika mata rufi da farantan sola, ya sa wa kowane tanki hita mai dafa ruwa da lantarki.

Ciniki ne da zai gyara masa shekara, amma ya ƙi. Mode ba ya gardama da baki. Ya jera durom biyu a tsakar gida. Ɗaya ya haɗa shi da farantin sola da hita, ɗayan da akwatin gilashi daidai faɗin farantin, mai baƙaƙen bututu a ciki. Hajjo ta dube shi ta ce ita sola ta nema, ga Injiniya ya kawo mata akurkin kaji.

"Hajiya, zahi kika so," in ji shi. "Ranar Sakkwato da zahi ta zo. Mi za shi sa mu maishe shi lantarki, mu koma maishe shi zahi, muna zubda shi bisa hanya?"

Bayan azahar ta tsoma yatsa a durom na farko, ta ce wannan na alwalar tsoho ne. Ta tsoma a na biyu, ta fizge hannu tana salati. Matan da suka gani har yau suna kwaikwayonta. Nan ta yarda, ya haɗa mata akwatin gilashin da tankinta na jiƙo.

Da a nan ya tsaya, da sai in ce dabara ce kawai. Amma damina ta zo, hadari ya rufe rana, ruwa ya huce cikin dare, jiƙo guda ya yi tsami. Hajjo ta tare shi a ƙofa, ta ce ya kashe mata shinkafa, gobe za ta hura itacenta, idon ma ya tafi. Bai ɗora wa girgije laifi ba. Ya ce kuskurensa ne da ya bar tanki tsirara. Ya kwashi ɓuntun da ake zubarwa a bayan inji, ya yi wa tankin riga mai kauri, zafi ya riƙa kwana a ciki. Ya kuma faɗa mata gaskiya cewa akwatinsa ba zai iya turara shinkafa ba, sai ya gina mata murhun ɓuntu mai bututun da ke kai hayaƙi sama. Farantin sola ya bar shi inda ya fi amfani, a famfo da fitila.

Kai ne, Mode, ka auna rana da buƙatar mutum, ba da aljihunka ba. Kai ne ka ce "na yi kuskure" a gaban mata, kalmar da na tsufa ban ji ta daga bakin manyanmu ba. Gagara-hadari, na gode.

Masu haɗa sola na yanzu, ku tambayi mutum abin da yake so ya yi kafin ku buɗe masa shago. In kuna shakka, ku leƙa Ƙofar Rini da hantsi. Za ku tarar da Hajjo zaune da faifai a cinya, tana tsince tsakuwa daga shinkafa ɗaya bayan ɗaya, da idonta.