Sandar Hajiya Indo Duba-Gari

"Wannan ɗakin ba zai ga ƙarshen damina ba. Sadisu, ka fitar da yaran nan yau, ba gobe ba."

Haka Hajiya Indo duba-gari ta gaya mini a gidana da ke Yalwawa, da hantsin wata Laraba, farkon daminar bara. Zan dawo kan wannan magana. Bari in fara faɗin wace ce ita, tunda ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki bayan shekara talatin da biyar, kuma na san babu wanda zai buga mata ganga.

Mutanen unguwannin Dutse sun san fitowarta. Ƙarfe takwas a kan hanya take yi mata, da farin hijabi, da takalmin roba, da doguwar sanda wadda ta yi sulɓi saboda riƙo. Mazan duba-gari sai an nemi izinin maigida kafin su wuce zaure, ita kuwa sallama ɗaya ke kai ta har ƙuryar ɗaki. Da an ji muryarta sai mata su ruɗe, wannan ta wawuri tsintsiya, waccan ta rufe randa. Sai ta yi dariya ta ce, "Ku ajiye tsintsiyar nan, 'yan nan. Sharar da aka yi don ni, ai ƙurarta ma ba ta kwanta ba."

Abin da idonta ya gani a gidajen mutane ba ya faɗuwa a zama ɗaya. Ta ga inda ake shanya wanki a kan wayar wuta. Ta ga rijiya da masai taku huɗu tsakaninsu, masu gidan kuwa sun shekara suna neman maganin ciwon cikin yaransu. Lokacin da aka tura ta Taura, ta iske azarar da gara ta cinye ta koma kamar soso, ga tsohuwa tana kwana a ƙarƙashinta. Malam Muntaka mai shayi ya ba ni labari da bakinsa cewa matarsa ta dage aljanu ne ke gunaguni a silin ɗinsu. Hajiya ta kasa kunne jim kaɗan, ta ce, "Aljanun nan naku masu zaƙi ne. A kira mai ɗiban zuma."

Sandar nan ta Baffanta ce, makiyayi daga wajen Miga. Ta ce idan zai ƙetarar da shanu fadama, shi yake wucewa gaba yana bugun ƙasa. Inda ta amsa da ƙarfi ya bi, inda ta yi kukan ganga ya kauce. "Makaranta ta koya mini rubuta rahoto," in ji ta, "Baffa ya koya mini sauraron ƙasa."

Ni mutum ne mai fargaba a kan 'ya'yana. Matata Maijidda takan ce yaro bai gama tari ba na riga na isa kemis. Amma duk fargabar nan tawa, ban ga abin da ke ƙarƙashin ƙafata ba. Tsohon gida ne muka koma, an yi masa fenti, an shafe ko'ina da siminti, ya yi fes. Ƙaramin ɗakin da ke ƙarshen tsakar gida na ba wa ɗana Zuhair da ƙanwarsa Afra'u. Da ƙofar ta fara cijewa, na kira kafinta ya fere ta. Da ta sake, na sake kiransa. Kyankyasai suka yi ta fitowa, na yi ta fesa magani. Zuhair ya ce ƙwallonsa kullum kusurwa ɗaya take gangarawa, na ce ya daina wasa a ɗaki.

Ranar da Hajiya ta shigo zagayenta, na ci sa'a ina gida. Ta tsaya a bakin ɗakin, ta shafa gefen ƙofar.

"Wa ya fere wannan?"

"Kafinta, Hajiya. Sau biyu."

"Ƙofa ba ta girma, ɗana. Gini ne yake motsi. Maijidda, miƙo mini buta."

Ta tsiyaya ruwa a tsakiyar ɗaki. Maimakon ya nufi ƙofa, sai ya miƙe zuwa kusurwar gabas, ya shige wata 'yar tsaga da ba ta fi zare ba. Ta ɗaga sandarta ta fara bugun siminti, taku bayan taku. Kwas, kwas, kwas. Da ta isa gefen katifar yaran, sai muka ji dum.

"Ka ji?" ta ce. "Tsohon masai ne. Ya cika, aka jera itace aka bi da ƙasa, aka manta. Masu gida suka ƙaru, aka ɗora ɗaki a kai. Itacen nan ya ruɓe, siminti kaɗai ke riƙe da 'ya'yanka."

A nan ne ta faɗi maganar da na fara da ita. Kunya ta sa na yi gardama. Na ce shekara biyu yaran suna kwana a nan lafiya, ɗaya ɗakin kuma cike yake da kaya, ina zan kai su?

"Ka ɗora su a kanka in ka ga dama. Ni dai ba zan bar gidan nan ba sai na ga katifarsu a waje."

Ta jawo turmi ta kifa, ta zauna. Har aka yi kiran azahar tana nan. Da muka gama kwashe kaya, ta sa na kulle ɗakin, ta karɓi makullin ta jefa a jakarta. "Na san ku maza," ta ce. "Baƙo ɗaya zai zo, ka ce ai kwana ɗaya ne."

Kwana goma sha shida bayan nan, ranar Juma'a da la'asar, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muna zaune a rumfa muka ji wata ƙara kamar an jefar da buhun hatsi daga saman mota. Na leƙa ta tagar ɗakin yaran. Rabin ɗakin ya tafi. Rami ne da zai haɗiye namiji a tsaye, daidai inda Afra'u take sa kanta. Na juyo na gan ta tana wasa da ruwan indararo, na je na rungume ta.

Da Hajiya ta zo washegari, ba ta ce ai na faɗa ba. Ta duba ramin, ta wuce kai tsaye wajen Baba Ɗan'inna, dattijon da ya fi kowa daɗewa a layinmu. Ya ce a saninsa sau uku aka haƙa masai a gidan nan. Ta dawo da sandarta, ta gano na biyu a gindin gwandar da nake alfahari da yadda take 'ya'ya. Muka cike duka biyun da duwatsu da ƙasa. Na uku kuwa Baba ya ce ya manta, don katangu sun sha matsawa tun lokacin.

Hajiya, ke ce wadda ake ɓoye wa tukwane, alhali rayuka kika zo dubawa. Ke ce kika zauna a kan turmi da azahar saboda 'ya'yan da ba ke kika haifa ba. 'Yar makiyayi mai jin maganar ƙasa, ba ni da lambar yabon da zan rataya miki. Ina da yara biyu da suke tafiya makaranta da ƙafafunsu, kuma duk safiya in na ga bayansu sai na sa ki a addu'a. Na gode. Allah ya saka miki da Aljanna, ya jiƙan Baffa.

Ku kuma 'yan uwana masu gidaje, in duba-gari ta yi sallama, ku bar tsintsiya ku buɗe mata ɗakuna. In ƙofa ta cije, ku tambayi dalili kafin ku kira kafinta. Wanda ya rufe masai ya sa alama, ya nuna wa 'ya'yansa wurin. 'Yan matan da ke shiga aikin nan yanzu, ku je ku zauna da ita tun tana da ƙarfin nuna muku yadda ake riƙe sanda.

Hajiya ta ce aiki za ta ajiye, ba sanda ba, kuma za ta dawo gidana da an yi ruwan farko. Yaran suna kwana a ɗakin da ta buga lungu da saƙo ta ce lafiya lau. Rami na uku kuwa, har yau da nake wannan rubutu babu wanda ya san inda yake.