Yajin da Na Kai Makka da Wanda Na Tarar

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da abokiyar tafiyata, za mu umara. Rabin jakata yajin ƙuli ne. Dalili, yayata 'yar goggona, haifaffiyar Makka wadda 'ya'yanta ke sana'ar tsire, ta turo min murya a waya da Hausarta mai gauraye da Larabci: "Ya ukhti, akwai maganar yaji, ki taho da shiri." Na sa aka daka min mai citta da kanumfari. Mai awon kaya ya yi ta atishawa yana hararata, na ce masa ya yi haƙuri, amana ce.

Daga Jidda zuwa Makka na yi ta gyara zama ina jiran mota ta faɗa rami, har muka isa ba ta faɗa ba. Ni da ban riƙe fensir ba sai da na yi jika, ba na barin allo ya wuce ban karanta shi da ƙarfi ba, har abokiyar tafiyata ta ce in tausaya wa direba. Da na ɗora ido a kan Ka'aba kuwa, bakin nan nawa da garinmu ke tsoro ya mutu, sai hawaye. Mun yi ɗawafi da sa'ayi lafiya. Shayin kusa da Harami tsadarsa sai mai riyal, don haka muka gangara lungu muka ci ful da tamis, wato dafaffen wake da burodi mai faɗi, muka ƙoshi.

Washegari muka tafi Ka'akiyya wajen Yaya. Unguwa ce ta masu ƙaramin ƙarfi, yara na amsa Hausa da Larabci. Na dire mata kayana ina taƙama. Ta buɗe, ta shinshina, ta yi dariya har ta riƙe bango.

"Ya Allah! Wannan ma muna so. Amma ke da aikinki a ƙungiya kullum taimakon mata masu yaji, shi ne kika ɗauko barkono?"

Ta ɗaga labulen ɗaki. Wata mata ce zaune da goyo, gefen idonta bai gama saɓewa ba. Sunanta ba naku ba ne. Matar wani ɗalibi ce ɗan jiharmu, duka ya ishe ta ta yi yaji. To, ina mace za ta yi yaji a ƙasar da ba gidan ubanta? Yaya ta tsince ta tana kuka a bakin titi ta kawo ta gida. Dattawan unguwa sun zaunar da mijin, sun karɓo fasfonta, sun haɗa mata kuɗin jirgi. Amma ta ce ba za ta hau ba. Mahaifinta ya rasu, kuma ta san kawunnanta: tana sauka za su kai ta gidan surukai a ce ta yi haƙuri. Zama a Makka kuma ba zai yiwu ba, takardar zamanta a kan ta mijin take.

Ƙungiyarmu ta mata ɗaki ɗaya ce da bakina, garin matar kuma yana can ƙarshen jiha, ban san kowa ba. Amma muna cikin gamayyar ƙungiyoyin jiha, kuma ranarta ke nan. Su suka san wa ke da lauya, wa ke da masauki, wa ke da ma'aikaciyar jinya, wa ke da malamin da kawunnai ke jin nauyinsa. Su kuma suka koya mana cewa ba a yanke wa mace shawara, tambayarta ake yi. Na sha wuya kafin in koyi wannan, don ni mai yankewa ce.

Na dubi matar na ce, "Ƙanwata, me kike so?"

Ta ce, "Hajiya, in kwana ba tsoro. Kuma alƙali ya ji ta bakina."

Na kira ofishin gamayya na faɗa musu haka, ban ƙara ban rage ba. Kafin la'asar shugabar wata ƙungiya ta garinsu ta kira, na miƙa wa matar wayar. Daga gaisuwa suka gano rijiya ɗaya suka sha suna yara. Sai muka ji dariyarta a karon farko. Yaya ta rangaɗa guɗa, ta ce, "Halas, shi ke nan, a hura wuta!" Ranar mun ci tsire har maƙwabta suka shigo.

Sauran kwanakin da ita muka yi ziyara. Arfa ba lokacin Hajji ba fili ne fetal, sai masu raƙuma da masu hoto. A Muzdalifa ta sauke goyon, yaron ya yi ta rarrafe yana tsintar tsakuwa, muka ce ya fara shirin jifa da wuri.

Da ta ji an tanadar mata masauki da lauya, ta yarda ta hau, jirgi ɗaya muka dawo. A bakin fita mata biyu na ƙungiyar garinsu na jira da mota da lauyarsu. Kawunta ma ya zo, malamin da gamayya ta nemo na gefensa, don an riga an yi masa magana. Ya ce, "To, mu je gida."

Harshena ya yi ƙaiƙayi, na danne shi. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "Kawu, zan zo gida. Amma sai mun ga alƙali." Ya dubi malam, ya dubi goyon, ya ce Allah ya sa hakan ne alheri. Ta shiga motar da ƙafarta.

Na iso gida da dabino da zamzam da gajiya mai daɗi. Abin da na koyo shi ne, da ni kaɗai ce, iyakata in zagi mijin in yi kuka tare da ita, in hau jirgi in bar ta a can. Baki na da amfaninsa, amma ba ya zama masauki. Ku da ke riƙe da ƙananan ƙungiyoyi a garuruwanku kuna cewa mu mun isa, ba ku isa ba. Ku shiga cikin 'yan'uwa.