Baba Gireda da Fizar Bakin Tanderu

Duk layin an san Baba Gireda da abu biyu: tafiya da sassarfa kamar wanda aka aika, da taurin kai. Sunan ya samo shi tun yana saurayi, lokacin da yake tuƙa gireda a wani kamfanin 'yan Italiya masu shimfiɗa titi. Kamfanin ya daɗe da naɗe kayansa, titin ma an sake shi an kuma sakewa, amma sunan ya ƙi barinsa. Daga baya ya ja tifa, ya ja motar asibiti, ya aurar da 'ya'ya, ya ajiye aiki. Yanzu sana'arsa gyaran famfon gida da bai lalace ba, da yin musu da rediyo.

A sansanin kamfanin ne ya haɗu da Dogo mai walda. Ɗaki ɗaya suka zauna, sabulu ɗaya, faɗa ɗaya. A can kuma suka san fiza. Kukun Turawan yana da tanderu na bulo a bayan kicin. Ranar hutu sai ya hura itace, ya buɗe kwaɓin fulawa da yatsunsa har ya yi siriri, ya shafa tumatir, ya ɗora cuku kaɗan da ganye mai ƙamshi, ya ɗiga man zaitun, ya tura cikin wuta. Kafin mutum ya gama wanke hannu ta fito, gefenta a kumbure da ɗigo-ɗigon ƙuna. Su biyun sukan ci tasu a tsaye, tana ƙona musu baki.

Bara Dogo ya fara mantuwa. Da farko makulli ne da hula, sannan hanyar gida, sannan fuskoki. Wata rana Gireda ya shiga ɗakinsa kamar kullum, Dogo ya gyara zama ya ce, "Sannu da zuwa, bawan Allah. Wa kake nema?"

Maganar ta soki Gireda sosai. Ya binne iyaye, ya binne ƙani, amma bai taɓa jin an cire shi daga duniyar mutum yana tsaye a gabansa ba. 'Yar Dogo ta ce likita ya ce a riƙa kusanto masa da abubuwan da ya saba da su a da. An gwada hotuna, an gwada tsohon gilashin waldarsa, ko gezau. Gireda ya sha alwashin sai Dogo ya sake kiran sunansa, kuma ya san da abin da zai gwada.

Nan ya shiga bin gidajen abinci yana neman fiza irin ta sansanin. Yakan shiga da hularsa a karkace, ya wuce tebura, ya ce a nuna masa inda ake gasawa. Wasu su yi dariya, wasu su kira manaja. Ya ci wadda kaurinta ya kai na katifa. Ya ci wadda aka tula wa nama da masara har ba a ganin ƙasanta. A wani wuri mai fitilu kala-kala aka kawo masa da abarba a kai, ya dube ta, ya dubi mai kawowa, ya ce, "Ɗana, wa ya ɓata muku rai a gidan nan?"

Matarsa ba ta raga masa ba. "Malam, tsofai-tsofai da kai kana bin wurin samari da 'yan mata. Jiya kwana ka yi kana riƙe ciki."

"Cikina ne."

"Ni ke dafa maka maganin ai."

Ya yi biris, gari na wayewa ya sa takalmi.

Sau ɗaya ya samu wadda ta ɗan yi kama. Aka sa masa a kwali, ya rungumo ta a mota har gidan Dogo. Da aka buɗe, tururi ya jiƙa ta, ta yi laushi, cukun ya daskare. Dogo ya ture farantin ya juya wa bango fuska. A hanyar komawa ne Gireda ya gane kuskurensa: abin nan ba ya tafiya. Inda aka gasa shi, nan ake cinsa.

Hayaƙi ne ya kai shi wurin da yake nema. Ya je sayen wayar lantarki a wani lungu, sai ya ji ƙamshin itace da fulawa mai gasuwa. Ɗan shago ne mai tebura kaɗan, wata mata da gari har gwiwar hannu tana juya dogon cebur a bakin tanderu. Ta ce a wurin wani tsohon kuku ta koya, kuma kwaɓinta sai ya kwana kafin ta taɓa shi. Ya sa ta gasa masa ɗaya, ya gutsiri gefen, ya tauna a hankali, ya ji ita ce sak.

"Baba, in sa maka saura a kwali?"

"Kul, 'yata. Mai cin zan kawo miki."

Shawo kan 'yar Dogo ya fi neman wuya. Ta ce baban nata yana firgita a waje, yana iya yin ihu, mutane su taru. Gireda ya kafa ya tsare, yau ya zo, gobe ya dawo, har ta gaji ta ce to. Suka je da hantsi kafin wurin ya cika, suka zaunar da shi kusa da wuta.

Dogo ya ƙura wa tanderun ido. Can ya nuna ƙofar ƙarfen da haɓa ya ce, "Wanda ya yi waldar nan bai iya ba." Matar ta yi dariya ta ajiye faranti a gabansa. Ya ɗauki yanka ɗaya da zafinsa, ya naɗe shi biyu, ya kai baki. Ya ci, ya ƙara. 'Yarsa ta juya kai tana goge ido, don rabonsa da cin abinci da hannunsa an daɗe.

Gireda ya miƙa hannu zai ɗauki yanka. Dogo ya buge hannun, ya janye farantin zuwa ƙirjinsa.

"A'a, bawan Allah. Rabin nan na abokina ne."

"Wane abokin?" in ji Gireda.

"Gireda mana. Yana can kan titi bai tashi aiki ba. In ya zo ya tarar na cinye, ba za mu kwana lafiya ba."

'Yar ta buɗe baki za ta yi magana, Gireda ya ɗaga mata hannu. Ya janyo kujerarsa kusa da ta Dogo, ya ɗora hannuwansa a kan gwiwa.

"To," ya ce, "bari mu jira shi tare."